Takarda ta Bakwai a Ajin Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara ashirin da biyu ya yi yana dafa abinci a jirgin ruwa na kamun kifi. A bakin ma'aikatan jirgin ya tsinci Sifaniyanci, daga baya ya sayi littattafai ya miƙe abin da ya ɗauko a karkace. Da gwiwa ta fara damunsa ya dawo gida, ya kama ɗaki a saman shagona na buga takardu, ya sa allo da benci uku. Yawancin ɗalibansa ma'aikatan jinya ne masu shirin fita aiki waje. Da la'asar suke zuwa, wasu ko fararen kayansu ba su cire ba.

Darasin da ya fi so shi ne na aikatau ɗin da yake kira guragu, don ba sa tafiya da ƙafa duka. Ba kasafai ake cewa "na yi" da su ba, sai dai abu ya yi wa mutum. Ta taga nake jiyo shi.

"Me duele la cabeza. Kai yana yi mini ciwo. Kun ga ba ni na yi ba, kan ne ya yi mini. Me mini ne, te maka ko miki, le masa ko mata, nos mana. Duk wanda ya ce wannan da wuya, to Hausar ce bai iya ba."

Sai ajin ya ɗauki dariya.

Shekarar da abin ya faru ɗalibansa shida ne, kuma ni nake buga masa takardun aikin aji. Wata Talata ya sauko bayan an tashi, ya tsaya a bakin kantar shagona.

"Uwata, guda nawa kika buga mini?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Shida, Kawu."

Ya baje su. Bakwai ne. Ta bakwan bugun injina ce, har da baƙin layin da yake bari a gefe. Babu suna a kanta, kuma da laima, kamar an ajiye ta kusa da randa. An cike ta da manyan haruffa a kwance. Kawu ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya: Me falta el aire.

"Me ke nan?" na tambaya.

"Numfashi ya ƙare mini."

Na ce ƙila injin ne ya ja biyu. Ya gyaɗa kai, ya tattara takardunsa.

Mako na gaba a gabansa na ƙirga shida. Bakwai suka dawo. Wannan karon layi ɗaya kawai aka rubuta: Te falta uno. Kawu ya ce ma'anarsa ɗaya bai cika maka ba. Ya tare babbar ɗalibarsa a ƙafar bene, wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke ce wa Anti.

"Ku nawa ne a aji yau?"

"Mu shida mana, Malam, sai baƙonka."

"Wane baƙo?"

"Dogon nan da ke zama a bencin baya, mai rigar leda ruwan ɗorawa. Ba ya magana. Ai mun ɗauka tsohon abokin aikinka ne."

Benen nan ta cikin shagona ake hawansa. Ban taɓa ganin mai irin wannan riga ya wuce ba.

Takarda ta uku kalma biyu ce: Te toca. Layi ya zo kanka. Ranar Kawu ya ja kujera ya zauna kusa da injin, ya ba ni labarin da ko matarsa ba ta sani ba.

Makanikin jirginsu ne ya fara koya masa yaren, mutum dogo mai saurin fushi. Wata safiya suka yi cacar baki a kan butar shayi. Da rana aka ci abinci, faranti ɗaya, na makanikin, ya rage ba a taɓa ba. Kawu ya gani, ya ce a ransa fushi ne, ya ci nasa, ya rufe farantin ya ajiye. Sai la'asar aka fara nemansa, a lokacin jirgi ya yi tafiyar awa huɗu. Ashe cikin teku ya faɗa, ba a ƙara ganinsa ba. Da kyaftin ya tara su yana tambaya, Kawu bai ambaci farantin ba.

Na ce, "Kawu, ko ka faɗa ba lallai a same shi ba."

"Ba lallai ba," in ji shi. "Amma ban faɗa ba."

Kwana biyu ya yi yana rubuta wasiƙa da Sifaniyanci zuwa ga ƙanwar mutumin, da wani tsohon adireshi da ya tono a akwatinsa. Ni na buga ta, harafi bayan harafi, ban san abin da nake bugawa ba. Amsa ba ta taɓa zuwa ba. Talatar da ta biyo takardu shida suka dawo. Anti ta ce baƙon ya ƙara zuwa sau biyu, ya zauna hannuwansa a kan gwiwa, daga nan ba su sake ganinsa ba.

Kawu ya ƙara shekara uku yana koyarwa. Tsokanar ta ragu, kuma kullum sai ya jira ɗaliban sun hau kafin shi ya hau. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, kwana tara ya yi a kwance.

Bayan rasuwarsa matarsa ta ba ni akwatin, takardun uku suna ciki. Na kai wa Anti a wurin aikinta. Ta duba ta farko da ta biyu, sannan ta juya bayan ta ukun, inda ni ban taɓa dubawa ba. Ta daɗe tana kallo. Ta ninke su ta miƙo mini, ta ce in mayar da su inda na same su.

Na tambaye ta me aka rubuta. Ta ce ta manta Sifaniyancinta, kuma marasa lafiya na jiran ta.