Matar da ta raɗa wa 'yata suna Munni

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Madam Shahida, matar malamin lissafi ɗan Indiya da na yi wa raino a nan Lafiya. Har yau idan na bi ta gidajen malamai sai na tuna fargabar da na shiga gidanta da ita. Ina da goyo a lokacin, maigidana kuma yana kwance da karaya. Kowa a unguwarmu Bukan Sidi ya ce mini baƙi ba sa ɗaukar mai goyo. Sai na ƙudura cewa 'yata ba za ta taɓa damun kowa a gidan ba.

Madam mace ce mai tsari. Makullai a ƙugu, ruwan sha sai an tafasa an tace. Baba Audu kuku, dattijo mutumin Awe, yakan ce ko gishirin garinsu ba a tace shi haka. Amma na lura duk ranar da Malam, mijinta, ya dawo ba wasiƙa daga Indiya, faɗanta ya fi yawa. Kewa ce ke cin ta.

Wata rana ta tambaye ni da Hausarta, "Talatu, yarinya naka, mene sunansa?" Na sunkuyar da kai. 'Yar fari ce, kuma sunan uwar mijina gare ta, ta ina zan fara? Ta sake tambaya, na juya na ci gaba da aikina. Daga nan ta sa mini ido. Ba na yi wa yarinyar wasa, ba na kallonta a gaban mutane, sai in ajiye ta kan tabarma in ɗauki ɗan Madam, Imran.

Ranar da yarinyar ta faɗo daga dakalin kicin, goshinta ya kumbura, ina riƙe da Imran. Baba Audu na tsaye, Madam na tsaye, don haka kunya ta hana ni motsawa. Baba ne ya ɗauke ta. Madam ta karɓe ɗanta daga hannuna ta ce gobe kada in zo. Wai wadda ba ta tausayin nata ba za ta ji tausayin na wani ba.

Daga baya na ji yadda suka yi da Baba. Ya ce mata, "Madam, ke lissafin mijinki kawai kika sani. Wannan kunya ce, ba ƙiyayya ba. Je ki gani." Washegari da hantsi sai ga su a gidanmu. Ta same ni a bayan zana, na rungume yarinyar ina shafa mata man kaɗanya a goshi, ina kuka ina mata waƙa. Sai ta zauna a ƙasa da sarinta, zanen matan Indiya, ta ce, "To, wane suna za ki iya faɗa?" Na ce ban da nata, kowanne. Ta ce a garinsu ƙaramar yarinya Munni ake ce mata. Na gwada a bakina. Ranar na fara kiran 'yata da murya a gaban mutane.

Na koma aiki. Faɗa bai ƙare ba, amma Madam ta koyi tambaya kafin ta yanke hukunci. Shekara biyu bayan haka ta rasu wajen haihuwa, aka binne ta a nan. Malam ya ɗauki Imran suka koma. Allah ya jiƙanta.

Bana Lafiya ta zama babban birnin jiha. Ma'aikata na ta zuwa da iyalansu, kowa na neman mai aiki. Nakan ce da Madam na nan, da ta gaya wa matansu su riƙa tambaya. Da kuma ta ga Munni, wadda ta shiga sakandare, lissafi ne abin da ta fi so. Ina da ƙanana uku a bayanta, kullum hankalina a tashe kan zazzaɓi da makaranta, amma ita idan na dube ta sai in ji sanyi. Ko kakarta mai sunan, Munni take ce mata.

Roƙona ga masu karatu shi ne, ɗaliban Malam suna da yawa a jihar nan. Duk wanda ke da adireshinsa a Indiya, don Allah ya aiko wa jaridar nan. Ina so Imran ya san maigidana na zuwa kabarin mahaifiyarsa duk Sallah, kuma sunan da ta bari a gidanmu ana kiransa kullum.