Laouali da Karen da Ba Ya Jin Larabci

Laouali mutumin Tasawa ne, direba, shekararsa goma sha ɗaya a Riyad. Kafin ya zo, iliminsa game da kare bai wuce abu ɗaya ba: in ya taso maka, ka duƙa kamar za ka ɗauki dutse.

Matar da yake tuƙawa a lokacin Baturiya ce, tana aiki a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Duk safiyar Juma'a sai ya kai ta wata gona a bayan gari inda ake tara karnukan da ba su da kowa. Wata Balarabiya mai suna Khalida ce ta buɗe wurin. Akwai karnukan farauta da aka zubar a hamada da suka tsufa, akwai waɗanda mota ta buge, akwai na gida da masu su suka bar ƙasar suka bar su a bakin ƙofa. Laouali yakan sauke Madam, ya koma inuwar dabino, ya rufe gilashi, ya kunna wa'azi. Haka ya yi wata bakwai.

Rannan aka kawo 'yan kwikwiyo shida a kwali daga wani wurin gini, uwarsu ta mutu. Mutum uku ne kawai ke aiki a gonar a ranar. Khalida ta ƙwanƙwasa gilashin motar. Ya sauke don ya gaishe ta, sai ta miƙo masa kwikwiyo da kwalbar madara ta taga.

"Imsik," ta ce, wato riƙe, ta juya abinta.

Bai ga inda zai ajiye shi a motar mutane ba, don haka ya riƙe. Kwikwiyon ya shanye madarar, ya tsula masa fitsari a jallabiyar da zai je masallaci da ita, ya yi barci.

Da yamma ya nemi Almustafa, wani ɗalibin jami'a da ke zuwa hira ɗakinsu a unguwar Jaradiya. Ya kwashe labari ya faɗa masa, yana jiran a ce masa kada ya ƙara.

"Malam Laouali, jallabiya dai ka wanke ta," in ji Almustafa. "Shayar da dabba kuwa akwai lada."

"Ko da kare ne?"

"Ko da kare ne."

Laouali bai ji daɗin amsar ba. Juma'a ta gaba ya zo da riga biyu.

Bayan shekara aka sauya wa Madam ƙasa. Laouali ya koma tuƙa wani mai shagunan turare da ke ba shi hutun Juma'a. Babu wanda ya ce ya ci gaba da zuwa gonar. Ya ci gaba. Yana wanke kwanuka, yana share keji, yana riƙe masu cizo in likita ya zo yin allura. Matarsa Zouera ta tambaye shi a waya inda yake zuwa, ya ce kiwo yake taya wata baiwar Allah. Ta yi murna, ta ce in ya samu dama ya aiko mata hoton ragunan.

Cikin 'yan kwikwiyon nan shida an ɗauki biyar. Wanda ya rage shi ne mai fitsarin, kunnensa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Laouali bai taɓa sa masa suna ba, tsawa kawai yake daka masa: "Kai!" Khalida ta ɗauka sunan ke nan, ta rubuta a takardar rigakafinsa. Karen ya girma ba ya jin Larabci, ba ya jin Turanci. In ba a ce "zauna" ba, ba ya zama.

Ana nan sai wasu mata da miji, malaman makaranta da za su koma ƙasarsu, suka ce suna son sa. Laouali ya zaunar da su a benci ya koya musu kalma huɗu: zo, zauna, bari, kwanta. Mijin ya kasa faɗin "kwanta" daidai, karen ya tsaya yana kallonsa.

Ranar tafiya Laouali da kansa ya sa karen a akwatin ɗaukar dabbobi. Khalida ta tambaye shi ko yana so ya raka su filin jirgi. Ya ce kwanuka na jiransa.

Kwana biyar bayan haka yana kasuwar Batha yana zaɓen takalmi, wayarsa ta yi ƙara. Malamar da ta tafi da karen ce, a bidiyo, idonta ja. Karen ya ƙi cin abinci tun da suka isa. Ta juya wayar, ga shi kwance a kan darduma mai laushi, an sa masa rigar sanyi.

Laouali ya duba hagu da dama. Shagon cike yake da mutane.

"Kai!" ya ce. "Tashi ka ci abinci. Wane irin iskanci ne wannan a gidan mutane?"

Karen ya miƙe, ya leƙa bayan wayar, ya dawo ya sa baki a kwano. Matar ta fashe da kuka. Mai takalmi, wani mutumin Yaman, ya tambaye shi ko ɗansa ne.

"A'a," in ji Laouali. "Akwai baƙi lamba arba'in da uku?"