Yadda Na Ɗaure Ƙafata Da Romon Ganda

A lokacin ni ne mai karanta wa majalisarmu ta bakin kasuwar Rano takardun magani, domin na yi aji huɗu a elemantare, kuma aji huɗun da, ba irin na yanzu ba. Ina da ciwon suga, ga wani saran gatari a ƙwaurina da ya yi wata biyu ya ƙi rufewa.

Sai 'yata da ke jami'a ta zo hutu, na tambaye ta abin da take yi a can. Ta ce fatar saniya suke wankewa, su jiƙa a sinadarai, su tace, su fitar da wani abu wai shi kolajin, su mai da shi daskararren ruwa mai santsi da za a shimfiɗa kan ciwo ya riƙe danshi har nama ya tofo. Ta ƙara da cewa gwaji ne tukuna. Wannan ƙarin ban saurara ba, don na riga na gane komai. Na ce mata ashe shekara huɗu romon ganda take koyo, abin da uwarta ke yi ya daskare da kansa a tukunya.

Tana komawa na hau acaɓa zuwa Kibiya ranar kasuwa, wajen mahaucin da bai san ni ba, kada a sace mini fasaha. Na dafa gandar ba gishiri ba yaji, tunda kimiyya ce. Uwargida ta tambaya, na ce kada ta tsoma baki a bincike. Ta ce Allah ya ba Malam Likita sa'a. Na shafa, na ɗaure.

Kwana uku ƙudaje suka yi mini rakiya, magen gida ta daina bin kowa sai ni. A masallaci sahu ya riƙa buɗewa ta gefena. Na ce aikin magani ne. Kwana biyar ƙafa ta koma turmi, zazzaɓi ya kwantar da ni. Da aka kai ni asibiti, likita ya tambayi wanda ya yi aikin, na ce wani masani ne. Ya ce masanin ya dafa wa ƙwayoyin cuta abinci, kuma da an ƙara kwana biyu daga gwiwa zai yanke. 'Yata ta zo ta yi kuka, ta gama, sannan ta shaida mini cewa nasu sai an kashe kowace ƙwayar cuta, kuma tafasawar nan ita ce ke lalata kolajin. To me ya hana ta faɗa tun farko? Wai ta faɗa, ina dariya.

Ƙafa tana nan, alhamdu lillahi, sai ɗingishi, da sunan Dakta Ganda da majalisa ta liƙa mini, har takardun maganin an daina kawo mini. Abin da ke ƙona mini rai, rabin maganar daidai na fahimta, rabin da na tsallake ne ya so cin ƙafata. 'Yan'uwana dattawa, in yaro yana bayani, ku bari ya kai aya. Ciwo a kai shi asibiti. Ganda kuwa, ciki ne wurinta.