Gabas ɗin Ɗan Azumi

Ranar Juma'ar da aka buɗe sabon masallaci, Ɗan Azumi ya yi sujada a kan diddigen Alhaji Habibu. Alhajin da ya gina masallacin kuwa, ba wani ba.

Ɗan Azumi maƙwabcina ne, mai amalanken jaki. Shi ya yi ta jigilar ruwa daga tafkin Madarumfa har aka gama ginin: hasumiya biyu, ƙubba koriya, ƙofofi ko'ina, daɓe mai santsi kamar an shafa mai. Sai dai tun ana haƙa tushe yake cewa magina sun sha wani abu, don ginin ya karkace ya bar hanya. Ba wanda ya gaya masa cewa da gangan ne. An auna alƙibla da na'ura, aka tarar tsohon masallacin ƙasa, wanda kakanni suka ɗora da ido, ya ɗan zame dama.

Shi kuwa jikinsa ya haddace tsohon gabas. Ana kabbara, jama'a suka bi layin shimfiɗa, shi ya juya inda ya saba.

Da aka yi masa bayani sai abin ya tsaya masa a rai. To sallolinsa tun yana yaro, ina suka tafi? Ya tambayi ɗaya daga cikin maginan, magini ya ce shi siminti ya sani. Ya tambayi matarsa Ɗelu, ta ce ita dai shi ya nuna mata inda za ta shimfiɗa tabarma ranar da ta tare, in da laifi a kansa yake. Ya koma tsakar gida ya juya buzunsa, ya sake juyawa, har ya rasa ina ne yamma. Rannan na leƙa ta katanga na gan shi tsaye da buzu a hannu, yana duban rana, jakin yana dubansa. Ya tashi yin ramuwar sallolin, ya rasa daga wace shekara zai soma.

A ƙarshe ya je wajen Liman Ilyasu, wanda ya ja salla a tsohon masallaci tun suna samari. Taubashinsa ne, ba su gaisawa sai da tsiya. Liman ya ce ya kwantar da hankalinsa, wanda ya yi iya saninsa babu ramuwa a kansa. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma ganin mutane a zaure sai ya ƙara da cewa:

"Sai dai kai, Ɗan Azumi, naka sallolin ina jin can wani gari aka yi ta sauke su, kamar kayan amalankenka."

Ɗan Azumi ya ɗauki takalmansa, ya kakkaɓe.

"To Malam, in ka je ɗauko naka ka haɗo da nawa. Ni dai ƙeyarka nake bi."