Littafin da Ya Ce Ban Dace da Fenti Ba

Shekarar da gwamnati ta kwaso komatsanta daga Legas zuwa sabon babban birni, ina Garki da buroshi a hannu. Fenti ne sana'ata, na kai shekara bakwai ina yi. Ɗan kwangilar da nake wa aiki ya samu wani ofishi mai hawa uku, aka ce mu gama kafin ma'aikata su iso. Kayansu kuwa sun riga su zuwa, kwalaye jibge a baranda, wasu sun fashe tun a mota.

Ni ko takardar ƙosai na gani sai na karanta. Da hutun azahar na tsinci wani littafin Turanci a kan yadda ido ke gani, kunne ke ji, hanci ke shaƙa. Kai, ya yi mini daɗi! Ya ce rabin ɗanɗano a hanci yake, har na toshe hanci na tauna albasa don in ƙure shi, na tarar bai yi ƙarya ba. Sai na kai wani shafi cike da ɗige-ɗige, an rubuta wai akwai lamba a ciki. Na juya, na karkata, ban ga komai ba sai ɗigo kamar an watsa gero.

Na kira abokin aikina, wani mutumin Jiwa mai kankare bango. Kallo ɗaya ya yi.

"Haba oga, ba ga lamba ba, ƙatuwa haka? Kana wasa ne?"

Ba wasa nake ba. Shafi na gaba ya faɗa mini ko ni wane ne: mai rikita ja da kore, haka aka haife shi, babu magani. Nan take na tuna ranƙwashin da na sha wurin innata don na tsinko mata ɗanyen tumatir. Ashe ba ganganci ba ne. Har na fara gode wa littafin, sai ya jero sana'o'in da irinmu bai kamata su yi ba. Ga mai fenti nan a ciki, ɓaro-ɓaro. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Mutumin Jiwa ba mugu ba ne, bakinsa ne ba linzami. Kafin la'asar magana ta kai kunnen ɗan kwangila. Matata na da cikin wata takwas a lokacin, kuma da wannan buroshin muke ci.

Ɗan kwangila ya zo da littafin a hammata. "An ce ba ka ganin kala?"

Na ce, "Oga, wane bango na taɓa ɓata maka?"

Sai ya ce a gwada ni. Aikin da ya rage shi ne ƙarafan shinge, a fara shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bi da kore. Ya sa aka ɓanɓare takardun gwangwani biyu, aka ajiye a gabana, leburori suka kewaye ni kamar ana dambe. Na ɗauki sanda na juya. Jan fentin nauyi gare shi, yana kwanciya a gindi kamar kunun da ya kwana, warinsa na kama maƙogwaro. Kore kuwa santsi ne, zurr yake bin sanda. Na nuna na ce wannan ja, wannan kore. Aka sauya musu wuri har sau uku, sau uku ina faɗa daidai. A ranar na gane abin da hannuna da hancina suka daɗe suna yi mini ban sani ba.

Ɗan kwangila ya sosa ƙeya. "Ka ci. Amma aikin gwamnati ne, ga shi kuma a rubuce. Daga gobe ka koma kankare bango."

Na ce, "Shi mai littafin, ya taɓa riƙe buroshi? Idona ya sani, bai san ni ba. Wallahi ba zan koma lebura ba."

"To, ga hanya nan."

"Zan bi ta. Amma shingen nan ni na fara, ni zan ƙarasa."

Ya ƙyale ni. Kwana biyu na yi a kan ƙarafan, ja a ƙasa, kore a sama, ban bar ko ɗigo a daɓe ba. Na mayar da littafin cikin kwalinsa, don ni ba ɓarawo ba ne. Daga nan sai kasuwar Dei-Dei, na zauna gaban shagunan masu fenti ina jiran mai neman ma'aikaci. An sha wuya, ba zan ɓoye ba. Ranar sunan 'yata ko rago ban yanka ba, kuma har yau abin na ci mini rai.

Bayan wata biyu muka wuce ta gaban ofishin da matata, tana goye da jaririyar. Ma'aikata sun tare, motoci cike da harabar. Na tsaya na nuna mata shingen, na ce ta faɗa mini gaskiya, wace kala ce.

Ta ce, "Kore ne shar, malam. Ya fi na maƙwabtansu kyau."

Na ce, "To, ni na shafa shi."