Gayaunar Inna a Rukunin Gero

Ni aka ɗora wa aikin a sashen noma na ƙaramar hukumarmu, wai don ni na iya kwamfuta. A baki ba wuya: ka zuba mata alƙaluman abin da kowane yanki ya noma, ita kuma ta haɗa masu kama da juna rukuni-rukuni. Masu gero da dawa nan, masu shinkafa can, masu wake da gyaɗa gefe guda. Da wannan za a san inda za a kai kowane irin shuka. Tun ban yi nisa ba na gaji, ga wuta ba ta zama, ga janareta sai an lallaɓa shi.

Inna, mahaifiyata, ita ce a raina. Ƙwari sun cinye irin waken da ta ajiye, tana jiran sabon irin da aka ce za a raba. Tun rasuwar Baba waken nan ne rufin asirinta, ba ta son miƙa wa ɗa hannu.

Kwamfuta ta jefa yankinmu rukunin gero. Na sake gwadawa, ta maimaita. Ban ga laifinta ba. Masu zagaya ƙauyuka don tattaro alƙaluman, magidanta suka tambaya abin da suke nomawa. Magidancin wajenmu kuwa gandu zai lissafa maka, wato gonar gida baki ɗaya, damin gero kaza, na dawa kaza. Gayauna, ɗan filin da tsohuwa ke nomawa don kanta, ba ya sa ta a baki. Ba tasa ba ce, kuma abin kunya ne a ji ya san yawan abin da ke ɗakin uwarsa. Waken garinmu kuwa yawancinsa a gayauna yake.

Na kai wa shugaban sashenmu maganar. Ya saurara yana murza ido, shi ma duk ya gaji.

"Malam, na yarda da kai," in ji shi. "Amma an riga an tura sama. Ka bari sai baɗi."

Na hau mota na je gida. Na zauna ina ta yi wa Inna kwana-kwana, rukuni kaza, lissafi kaza. Ta bar ni na gama.

"Wato dai babu wake," ta ce.

Na ce zan sayo mata a kasuwar Ɗambatta. Ta ce na kasuwa na tukunya ne, ba za ta zuba ƙarfin tsufanta a kan irin da ba ta san asalinsa ba. Raina ya ɓaci, amma na san halinta. Da ruwa ya sauka ta sa aka shuka mata gero, don kada filin ya zauna haka nan. Tsofaffin da suka yi jira tare da ita ma haka suka yi.

Da shekara ta zagayo na kafe, sai da aka tambayi mata abin da ke gayaunarsu. Na zuba alƙaluma, kwamfuta ta sake sa mu a rukunin gero. Wannan karon ban je ofishin kowa ba, don gaskiya ta faɗa: har a gayauna gero aka noma.