Baitin da Ya Ɓace Wajen Juya Kaset

Mun tashi da asuba daga Maradi, ni da ƙanwata, da tsohuwar rediyon kaset a cikin jaka. Kawuna ne sanadin tafiyar. Shi ne mai kaɗa gita a wata ƙungiyar kiɗan rok da ta cika filin kokawa na garinmu tun ba a haife ni ba. Waɗanda suka rage da rai a cikinsu suna shirin wasan bankwana, kuma akwai waƙa ɗaya da jama'a ba za su yafe ba. Mawaƙin da ya tsara ta ya rasu, ba a taɓa ɗaukarta a situdiyo ba, Kawu kuma tun da ya yi jinya kalmomi suke zille masa. Ya ce in ba a samo ta ba, ba zai hau dandali ba.

Aka ce mana akwai wani tsohon tela a Gangara da ba ya zuwa wasansu sai da rediyo a kafaɗa, yana ɗaukar waƙoƙin a kaset.

Hanyar Agye shimfiɗe take. Kaka ta yi, dammunan hatsi suna jingine a gonaki kamar mutanen da suka gaji da hira. A Gazawa muka karya da ƙosai da kunun tsamiya, sannan muka hau kabu-kabu. Mai babur ɗin ya ce yashin hanya ne ya ƙara kuɗin, ba shi ba.

Telan ya fito da kwali cike da kaset-kaset, kowanne da rubutun biro. Ya hure ƙura, ya juya zaren da fensir, ya danna. Sai ga filin kokawa gaba ɗaya a cikin ɗan shagonsa: ihu, tafi, mai tallan ruwan sanyi, da gitar Kawu tana ratsa su duka, sabuwa fil. Na rufe ido. Baiti na farko, na biyu, sai ƙas! Fuskar kaset ta ƙare. Da ya juya, har waƙar ta kai amshin ƙarshe.

"Ɗiyata, hannu biyu gare ni," in ji shi. "Kahin in juya sun wuce. Amma akwai wani Bafillace da ya makara, ya zamna kusa da ni da tashi rediyo, yana take mini ƙafa. Wanda ya fara ɗauka a makare, ai a makare zai juya. Ku neme shi wajen Cadakori."

Washegari muka nufi yamma. Daga bakin kwalta amalanken shanu ya ɗauke mu, tafiyar da ta koya mini haƙuri, ta koya wa ƙanwata mita. Mun tambayi ruga uku kafin mu same shi a gindin gawo, dattijo siriri mai fara'a. Matarsa ta dama mana fura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba. Da ya ji wanda ya aiko mu sai ya tuntsire da dariya.

"Telan nan mai surutu yana nan da rai? Rabin kaset ɗina muryarshi ce!"

A cikin ƙwarya ya adana kaset ɗin, a naɗe da tsumma. Na saka shi a rediyonmu, na ji sautin: nesa yake, da ƙyar ake jin mawaƙin. Amma da aka zo baiti na uku, filin duka ya ɗauka. Dubban bakuna suna rera shi, kalma bayan kalma, tar kamar karatu. Na naɗa a salula.

Mun iso gida bayan la'asar, ƙafafu fururu. Na ajiye salular a cinyar Kawu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in maimaita. A karo na uku leɓɓansa suka fara bin jama'a.

Tafiyar nan ta nuna mini cewa abin da ka ba mutane da zuciya ɗaya suna riƙe maka shi, ko a ruga, ko a ƙwarya. Ina cikin wannan tunani Kawu ya ɗago kai.

"'Yar nan, miƙo mini gitar. Ki kuma aika wa mutanen nan biyu: kujerun gaba nasu ne, kusa da juna."